Tayil Ɗin Ƙaramin Banɗaki: A Tambayi Ƙafa Kafin A Tambayi Ido

A cikin takardun da muka karanta a shirin makon jiya akwai ta wani bawan Allah daga Funtuwa, wadda lokaci ya ƙure mana ban amsa ta yadda raina ya so ba, shi ya sa na ɗauko ta nan inda babu agogon da zai kore ni. Malamin nan ya ce mahaifiyarsa ta dawo gidansa da zama, shekarunta sun ja, kuma yana so ya gyara mata banɗakin da ke jikin ɗakinta, mai faɗin mita ɗaya da rabi, tsawon mita biyu. Ya je kasuwa, mai shago ya nuna masa wani babban tayil mai ƙyalli kamar madubi, ya ce masa ya ɗauki wannan ya yi ƙasa da bango gaba ɗaya, zai yi kyau kamar na otal. Shi ne yake tambaya, ya saya ko kada ya saya?

To Malam, amsa a taƙaice ita ce kada ka saya, aƙalla dai ba don ƙasa ba. Amma tun da na san ba kai kaɗai ke da wannan tambaya ba, bari mu bi ta a hankali.

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne mukan shiga shagon tayil da ido kawai. Mai shago ya jera kaya a tsaye jikin bango, fitila na haska su, busassu, babu sabulu babu ruwa. Kai kuwa inda za ka kai su, a kwance za su zauna, cikin ruwa, ƙarƙashin tafin ƙafar mutumin da ya rufe ido saboda kumfa. Banɗakinmu kuma ba irin na Turawa ba ne da ake keɓe wurin wanka da gilashi sauran ɗakin ya zauna a bushe. Mu da bokiti muke wanka, da buta muke tsarki, wani lokaci a nan uwargida ke ɗauraye kayan yara. Ke nan daga bakin ƙofa har ƙuryar ɗakin duk wurin ruwa ne. Matashi in ya zame sai ya yi dariya ya miƙe. Tsohuwa in ta zame, abin da ake tsoro shi ne karayar ƙugu, kuma wanda ya taɓa jinyar dattijon da ya karye a ƙugu ya san ba ƙaramin tashin hankali ba ne, don sau da yawa tafiya ba ta komawa yadda take. Saboda haka tayil ɗin ƙasa shi ake fara zaɓa, kuma ƙafa ce ke zaɓensa. Na bango ya biyo baya.

Yanzu, yaya za ka gane mai santsi? Masu yin tayil suna da awo a kan wannan, wanda ya samo asali daga ƙasar Jamus. Akan shimfiɗa tayil a kan wani dandamali, mutum ya riƙa tafiya a kai, ana ɗaga dandamalin yana karkata sannu a hankali har sai ƙafarsa ta zame, sai a rubuta iyakar karkatar. Daga nan ne aka sami lambobin da za ka gani a jikin wasu kwalaye, R9, R10, R11 har zuwa R13. R9 shi ne mafi ƙarancin riƙe ƙafa, na falo ne da ɗakin kwana. Na banɗaki ya fara daga R10, in kuwa akwai tsoho a gida ni R11 nake so. Akwai kuma wani awo na biyu wanda ya fi dacewa da mu, domin shi da ƙafa ba takalmi ake yinsa, a kan jiƙaƙƙen tayil, ana ba da harafin A, B ko C. In ka yi sa'a ka ga B ko C a kwali, ka sami abin da kake nema.

Na ce in ka yi sa'a, domin kwalaye da yawa a kasuwanninmu ba su ɗauke da wannan rubutu ko kaɗan. To sai ka koma ga gwajin gida. Ka tafi da ledar ruwa da ɗan guntun sabulu a aljihu. Ka sa a kwantar maka da tayil ɗin a ƙasa, ka zuba ruwa, ka goga sabulu kaɗan, ka danna tafin hannunka ka tura. In hannu ya tafi suuu ba tare da wani turjiya ba, ka gode wa mai shago ka wuce na gaba. Wanda kake nema shi ne marar ƙyalli, mai ɗan kaushi kamar bayan ƙwarya. Kada ka ji kunyar yin wannan a gaban mutane. Kuɗinka ne, kuma mahaifiyarka ce. Sai dai kada a zarce, domin akwai tayil mai kaushi sosai da aka yi don tsakar gida da wajen ajiye mota. Wannan in ka kai shi banɗaki, datti da sabulu za su maƙale a ramukansa, gansakuka ta samu wurin zama, mai wanke banɗakin kuwa ta riƙa tsine maka a zuci kullum safiya.

Akwai wata lamba kuma da masu shago ke son nunawa, wadda ake rubuta PEI a gabanta, daga 1 zuwa 5. Kada a rikita ka da ita. Ita maganar jure gogayyar takalmi take yi, wato yadda fuskar tayil ɗin za ta daɗe ba ta goge ba. Ba ruwanta da santsi. Banɗakin gida da silifa kawai ake shiga, mai lamba 3 ya wadatar har da saura.

Sai batun girma, wanda a nan ne mai shagon Funtuwa ya fi ba ka gurguwar shawara. Daɓen banɗaki ba a yinsa a miƙe kamar na falo. Dole ya gangara zuwa rariya, kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace mita guda, don ruwa ya tafi da kansa ba sai an bi shi da tsintsiya ba. Tayil kuwa ba ya lanƙwasa. Babba mai santimita 60 kowane gefe, in an ce ya gangara ta ko'ina zuwa rami ɗaya, sai dai a yanka shi a karkace, ko kuwa mai aikin ya shimfiɗa shi a miƙe ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ya bar ka da ruwa kwance a lungu. Ƙaramin tayil shi ke bin gangara cikin sauƙi. Kuma layukan da ke tsakanin tayil da tayil su ma suna taimaka wa ƙafa ta sami abin riƙewa, ke nan yawan layi a ƙasan banɗaki ba aibu ba ne.

Bari in yi ɗan lissafi, tun da kafin in zo gaban makirfo alli na riƙe a ajin firamare, kuma hali zanen dutse ne. Ɗakinka santimita 150 ne da 200. In ka ɗauki mai 60, guda biyu da rabi ne a faɗi, uku da ɗan ɗori a tsawo. Za ka shimfiɗa guda 12, amma 6 ne kawai za su kwanta cikakku, sauran 6 duk sai an yanka, tun ba a zo maganar rariya da gindin masai ba. In ka ɗauki mai 30 kuwa, guda 5 ne cif a faɗi. Za ka shimfiɗa 35, cikakku 30, yankakku 5 kacal. Ka ga bambanci? Don haka ga ƙaramin banɗaki ka tsaya a mai 30, ko mai 20 in ka samu. Daidai inda ake tsayawa wanka, wasu kan sa ƙananan nan da ke zuwa a manne jikin raga, suna riƙe ƙafa ƙwarai, illa dai suna son mai aiki mai haƙuri da kuma mai wanki mai haƙuri.

To mu zo ga jikin tayil ɗin kansa. Za ka ji ana cewa wannan siramik ne, wancan fosilin ne. Dukkansu yumɓu ne da aka gasa, bambancin yana ga irin ƙasar da zafin wutar. Fosilin ana matse shi da ƙarfi a gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 1,200, sai ya fito a cure, har ƙa'idar duniya ta ce ba a kiran tayil fosilin sai ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Tayil ɗin bango na yau da kullum kuwa yakan sha fiye da kashi 10 cikin ɗari. Fuskarsa ce kawai ke da rufin tangaran, bayansa kamar tulu yake. Gane su ba wuya: juya bayan tayil ɗin ka ɗiga ruwa. In ruwan ya ɓace nan take ya bar tabo, mai sha ne. In ya tsaya yana kallonka, fosilin ne.

Wannan shan ruwa ba laifi ba ne a bango. Shi ke sa tayil ya kama siminti da kyau, ga shi ba nauyi, ga sauƙin yanka da hudawa in za a sa famfo ko madubi, ga sauƙin kuɗi. Amma a ƙasa ba shi da wuri. Siriri ne, fuskarsa santsi ce, kuma ranar da aka dire bokitin ƙarfe cike da ruwa a kansa zai tsage. Na sha shiga gidaje na tarar an ƙarasa ƙasan banɗaki da ragowar tayil ɗin bango, wai don kada a yi asara. Na ƙasa yana iya hawa bango in an sami gam mai kyau. Na bango ba ya sauka ƙasa, ko da kyauta aka ba ka.

Akwai abin da ya kamata ka tambayi mai sa maka tayil tun kafin ka saya, don shi zai nuna maka ko ya san aikinsa. Tsohuwar hanyar da masu aikinmu suka saba ita ce a jiƙa tayil a ruwa, a kwaɓa siminti, a manna. Wannan daidai ne ga mai shan ruwa, kuma jiƙawar wajibi ce, in ba haka ba tayil ɗin zai zuƙe ruwan simintin kafin ya kama. Amma fosilin ba ya shan komai, ko ka kwana da shi a baho. Siminti zalla ba ya riƙe bayansa yadda ya kamata, shi ya sa za ka ga bayan shekara ɗaya ko biyu ya fara ƙara kamar ganga in an taka, ko ya saki daga bango. Shi gam ɗin tayil yake so, wanda ake sayarwa a buhu kamar siminti, a shafa da cokalin magina mai haƙora. In ka ce wa mai aiki fosilin ka saya ya ce maka ai duk ɗaya ne, to ka nemi wani.

A bango kana da 'yanci, nan ne ido zai yi zaɓinsa. Ƙyalli a bango alheri ne, don sabulu ba ya zama a kai, kuma yana mayar da haske. Banɗaki ƙarami mai 'yar taga ɗaya a sama, launi mai haske yake so, fari ko ruwan madara ko toka-toka mai haske. Na san baƙin tayil da shuɗi mai duhu suna ɗaukar ido a shago. Amma ka tuna da ruwan da kake amfani da shi. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana ɗauke da sinadarai da in ya bushe sai ya bar farin tabo, kuma a kan baƙin tayil wannan tabo yana fitowa ɓaro-ɓaro kamar alli a kan allo. A ƙasa kuma akasin haka ne, fari fat ba ya ɓoye komai, ƙurar hunturu da jar ƙasar da ƙafa ke shigowa da ita za su nuna kansu kafin azahar. Ruwan ƙasa ko launin yashi mai ɗan ɗigo-ɗigo shi ne mai rufin asiri. Furanni da zane kuwa, ni dai ra'ayina a ƙaramin ɗaki layi ɗaya ya isa. In aka cika su ko'ina sai ɗakin ya ƙara matsewa, mutum ya ji kamar ya shiga cikin akwatin lefe.

Tsawon da za a kai a bango ya danganta ga aljihu. Gefen da ake wanka dai a kai shi tsayin ƙofa, wajen mita 2.1. Sauran ɓangarorin ana iya tsayawa a mita ɗaya da rabi a ƙarasa da fenti. Amma a ɗaki irin naka, da wuya a sami bangon da ruwa ba ya fallatsa, don haka in da hali a zagaye gaba ɗaya. Ga lissafinsa: kewayen ɗakin mita 7 ne, sau 2.1 ya ba ka murabba'in mita 14.7. Cire ƙofa, wajen 1.6, ya rage 13 da ɗan kai. Tayil ɗin bango mai santimita 25 da 40, wanda ya cika kasuwa, guda 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, ke nan kana bukatar kamar 131. Ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ka sayi wajen 145. Na ƙasa kuma maimakon 35 ka sayi 40.

Wannan ƙari da nake faɗa, ni da kaina na koyi darasinsa da tsada. Shekarun baya da na gyara namu banɗakin na sayi kaya cif-cif, ina ganin wayo na yi. Ana cikin aiki guda 7 suka kasa. Na koma shagon bayan kwana uku, aka ba ni kwali mai suna ɗaya, hoto ɗaya, kamfani ɗaya. Sai da aka manna ya bushe muka ga ashe sabon ya fi na farkon duhu kaɗan. Har yau duk wanda ya shiga sai ya ga wannan faci a bayan ƙofa, uwargida kuwa ba ta gajiya da nuna mini shi. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, kowane gashi da launinsa yake fitowa, wani lokaci ma da ɗan bambancin girma na milimita ɗaya ko biyu. Shi ya sa ake buga lambar gashi da lambar launi a gefen kwali. Ka duba da idonka cewa duk kwalayenka lamba ɗaya suke ɗauke da ita. Ka kuma sa a buɗe biyu ko uku, ka haɗa tayil biyu fuska da fuska ka ga ko sun kwanta a kan juna ko suna rawa, domin akwai zaɓin farko akwai na biyu, kuma na biyun yakan zo da lanƙwasa ko ɓallin gefe.

Wani zai ce, na wace ƙasa ya fi? A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Dei-Dei ta Abuja, ko kasuwar Katako ta Yamai, za ka ji ana kiran na Sifen, na Italiya, na Sin, na Indiya, da na gida. Gaskiya ne garin Sassuolo na Italiya da yankin Castellón na Sifen sun yi suna a wannan sana'a, kamar yadda Foshan ta yi a Sin, Morbi kuma a Indiya. A Nijeriya ma ana gasa tayil a Ajaokuta ta Jihar Kogi da kuma masana'antu a Jihar Ogun. Amma sunan ƙasa ba ya hana zamewa. Kowace daga cikinsu tana yin mai kyau tana yin na talaka, tana yin na falo tana yin na banɗaki. Tayil ɗin gida marar ƙyalli da ya ci gwajin sabulu ya fi wa mahaifiyarka amfani a kan na Italiya mai ɗaukar ido. Ƙari a kan haka, na gida in ya kasa ka fi saurin samun irinsa.

Kafin a manna ko guda ɗaya, a kira mai gyaran famfo. Duk bututun da za a binne a bango a sa masa ruwa a bar shi ya kwana, a ga ko yana yoyo. Babu baƙin ciki kamar a gama aiki tsaf sannan a dawo da guduma ana neman inda ruwa ke fita. In bangon da ke tsakanin banɗakin da ɗakin Hajiya ya riga ya nuna danshi, fenti na ɓarewa ta ɗaya gefen, kada ka ɗauka tayil zai warkar da shi. Tayil ba ya hana ruwa wucewa gaba ɗaya, ruwa na bi ta layukan da ke tsakani. A shafa maganin hana ruwa a daɓen da gindin bango tukuna, musamman in banɗakin a bene yake. Kuma daɓen banɗaki ya zama ya yi ƙasa da na ɗaki da kamar santimita biyu, don kada ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya je ya sami darduma. Kada dai a yi dokin ƙofa mai tsawo da tsohuwa za ta yi tuntuɓe da shi cikin dare.

Masu aiki da yawa suna son haɗe tayil baki da baki ba tazara, wai ya fi kyau. Kada ka yarda. A bar milimita biyu zuwa uku da 'yan robobin nan masu kama da alamar tarawa. Gini yana motsi, zafi na buɗa abu sanyi na tsuke shi, in babu wurin numfashi sai wata rana ka ga tayil ya tashi a tsakiya ya yi tozo. Farin siminti da aka saba cike layi da shi ya yi a bango, amma a ƙasa wata uku ya isa ya koma baƙi, gara a sayi abin cike layi mai launin toka ko ruwan ƙasa. In an zo wanki kuma a guji ruwan batir da sauran masu ƙarfi irinsa da ake tallatawa, suna cinye simintin layin su bar rami.

Ranar da mai aiki ya ce ya gama, kada ka ba shi cikon kuɗinsa tukuna. A bar wurin kwana ɗaya ba a taka ba, kwana biyu ko uku ba a yi wanka ba. Sannan ka ɗauki tsabar kuɗi ko makulli ka bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi ƙarar fanko, akwai rami a ƙarƙashinsa, a cire a sake. Bayan haka ka cika bokiti ka sheƙa a lungun da ya fi nisa da rariya, ka tsaya ka kalla. In ruwan ya tattara kansa ya tafi, ka biya shi har da tukwici. In ya kwanta a wani wuri, to aiki bai ƙare ba.

Sannan Malam, tun da don Hajiya ake wannan gyara, ka sa a kafa ƙarfen riƙewa guda a bango kusa da masai, guda kuma inda take wanka, a ɗaure su da kusoshi har cikin bulo, ba a jikin tayil kawai ba. Ka samo mata 'yar kujerar wanka mai roba a ƙafafu, ka sa fitila mai haske sosai. Ragowar tayil ɗin kuwa ka ɗaure su cikin kwalinsu mai lamba ka ajiye a sito, kada a ba yara su yi wasan 'yar tsana da su.

A gaishe mana da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Uwargidan da ta rubuto daga Maraɗi tana tambaya kan warin da ke tasowa daga rariya da damina, ki yi haƙuri, takardarki na hannu, ita za mu fara ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.